Daga Zauren Sarki Zuwa Kotu: Tarihin Kai Ƙara a Birnin Yamai

Kafin zuwan Turawa, wanda aka ci wa iyakar gona ko aka hana wa gado ba ya bukatar takarda. Zauren mai gari yake zuwa, ya faɗi, ya yi gaisuwa, ya kawo kukansa a gaban dattawa, a aika dogari ya kira abokin shari'arsa. In magana ta shafi aure ko rabon gado, sai a nemi malami ya duba abin da littattafan Malikiyya suka ce.

A shekarar 1903 Faransa ta fitar da dokar tsara shari'a a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Dokar ta bar wa mai gari sasantawa, ta ba manyan sarakuna kotu tare da dattawa biyu, sannan ta ɗora kotun komanda a bisansu. A gyare-gyaren 1924 da 1931 kuwa, sai jami'in mulkin mallaka ya haye kujerar shugabancin yawancin waɗannan kotuna, sarakuna da malamai suka koma gefensa suna faɗa masa abin da al'ada ta tanada. Tafinta ya yi ƙarfi ƙwarai a wannan zamani, domin ta bakinsa kaɗai kukan talaka ke isa kunnen Bature. A tsakanin haka ne aka mayar da hedkwatar Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Bayan samun mulkin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta haɗe kotuna a tsari ɗaya, amma ba ta yar da al'ada ba. A shari'ar aure, saki, gado da filin da ba a yi wa rajista ba, alƙali yana bin al'adar masu ƙara, tare da masana al'ada da ke zama da shi. Dokokin 2004 da 2018 da suka biyo baya sun riƙe wannan ginshiƙi. Sarki kuwa, dokar sarauta ta 1993 da wadda ta gaje ta a 2015 sun tabbatar masa ikon sulhu. Yanke hukunci aikin alƙali ne. Abin da sarki ke bayarwa shi ne takardar shaidar an sasanta, ko ta shaidar sulhu ya faskara. Ta farko, in ɗaya daga cikin masu rigimar ya nema, kotu na iya sa mata hatimin zartarwa. Ta biyun ita ce mabuɗin kotu a rigimar gona, tunda dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta wajabta a fara da neman sulhu wurin sarakuna.

Nauyin wannan tsari ya fi fitowa a unguwanni irin Bobiel, inda birni ya bi gonakin hatsi ya cinye su. Fili ɗaya kan zo da masu shi uku: jikokin wanda ya sare dajin, da wanda ya saya a hannun ɗaya daga cikin magada ba da sanin sauran ba, da kuma mai riƙe da takardar ma'aikatar magajin gari. Na farko hujjarsa dattawa ne da itatuwan iyaka, waɗanda galibi an riga an sare. Na ƙarshe yana iya tsallake zaure, ya biya ma'aikacin isar da sammaci ya kira abokin gaba kotu kai tsaye, domin filin da ya shiga rajista ya fita daga hannun al'ada, ya koma ƙarƙashin rubutacciyar doka. Magajin da bai san wannan bambanci ba yakan ɓata watanni yana jiran zama a ƙofar mai unguwa, sai ranar da ya leƙa filin ya tarar an zuba tubali, an soma haƙa tushe.