Wasiƙa Kafin Fasinja: Nazari kan Imperial Airways da Layin Hartum zuwa Kano

Idan ana maganar farkon sufurin sama, hankalin mutane yakan tafi kan fasinja da matuƙa masu ƙarfin hali. Amma wanda ya bi tarihin kamfanin Imperial Airways na Birtaniya, daga kafuwarsa a 1924 zuwa shigarsa cikin sabon kamfanin BOAC a 1940, zai ga cewa abin da ya riƙe kamfanin jakar wasiƙu ce. Ita ta zaɓa masa hanyoyi, ita ta kawo masa kuɗin gwamnati, a ƙarshe ma ita ta fi ƙarfinsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙananan kamfanonin jiragen Ingila sun kasa gogayya da na Faransa, waɗanda gwamnatinsu ke tallafa musu. A 1923 kwamitin Hambling ya ba da shawarar a haɗe su wuri guda. Aka tattara huɗu, wato Handley Page Transport da Instone Air Line da Daimler Airway da British Marine Air Navigation, aka yi musu alkawarin tallafin fam miliyan ɗaya cikin shekara goma, hedkwatar tashi da saukarsu kuma filin Croydon da ke kudancin Landan. Fara aikin ma sai da ya yi jinkiri, domin matuƙa sun ƙi tashi kan batun albashi. Sai 26 ga Afrilu 1924 jirgin farko ya nufi Paris.

Turai ba ta daɗe a gaban kamfanin ba. Idonsa na kan ƙasashen da Ingila ke mulka, kuma a nan ne lissafin nauyi ya yi aiki. A wancan zamani ana ɗora fasinja a kan sikeli shi da kayansa, an ware masa kilo 100. Wasiƙa mai nauyin rabin oza kuwa kimanin giram 14 ce kawai. Ke nan gurbin mutum ɗaya zai ɗauki wasiƙa kusan dubu bakwai, waɗanda ba sa neman kujera, ba sa cin abinci, ba sa buƙatar gado a zangon dare, ba sa amai in iska ta girgiza jirgi. Ga gwamnatin da ke mulkin Indiya daga Landan, rage kwanakin da takarda ke yi a hanya ya fi jin daɗin matafiyi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Layin farko mai nisa gado kamfanin ya ci. Tun 1921 rundunar sojan sama ta Birtaniya ke kai wasiƙu tsakanin Alƙahira da Bagadaza, ta cikin hamadar da ba ta da wata alamar da matuƙi zai kama. Dabarar da suka yi ita ce jan garma: aka tsaga kunya guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita a kan ƙasa, matuƙi na sama yana bin ta da ido kamar mai bin sawun raƙumi. A Janairun 1927 Imperial Airways ya karɓi layin ya kai shi Basra. Ranar 30 ga Maris 1929 aka buɗe Landan zuwa Karachi, tafiyar kwana bakwai, ko da yake wani yanki nata a jirgin ƙasa ake yin sa cikin Turai, saboda taƙaddama da Italiya kan izinin ratsa sararin samaniya. Cape Town ta samu nata a Janairun 1932, Ostareliya kuma a Disambar 1934 da haɗin gwiwar kamfanin Qantas.

Afirka ta Yamma ce ta zo a baya, kuma yadda ta zo ɗin abin lura ne. Jirgin ruwa da jirgin ƙasa duk daga bakin teku suka shigo Najeriya, suka hauro arewa. Dogo ya iso Kano a 1911. Jirgin sama kuwa ta gabas ya ɓullo. A Nuwamban 1925 jirage uku na soja, ƙarƙashin Arthur Coningham, sun taso daga Masar suka sauka a filin dawaki na Kano, su ne na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya. Bayan shekara goma, a Fabrairun 1936, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Imperial Airways ya buɗe reshe daga Hartum zuwa Kano da jirgi ƙirar DH.86 mai inji huɗu, wanda aka raɗa wa suna Daedalus. Dalilin bin gabas a fili yake. Babban layin Cape Town ya riga ya ratsa Hartum, Sudan na hannun Ingila, don haka tsiro da reshe daga can ya fi sauƙi a kan ƙetare Sahara ko bin gaɓar tekun da yawancinta ke hannun Faransa da Sifaniya.

Zangunan hanyar su ne El Obeid, El Fasher, El Geneina, Abeche, Ati, Fort Lamy (Injamena ta yau), Maiduguri, sannan Kano. Duk Bahaushen da ya taɓa jin labarin hajjin ƙasa ya san waɗannan sunaye, domin ita ce hanyar da alhazai ke bi a ƙafa da jaki, ta Wadai da Darfur, wasu su yi shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu su zauna a Sudan har abada. Jirgin ya bi ta sama da su cikin 'yan kwanaki, yana ɗauke da takardun gwamna da na kamfanonin sayen gyaɗa da fatu. Wasiƙar da a da sai ta yi kusan mako biyu a jirgin ruwan Elder Dempster daga Liverpool zuwa Legas, ta ƙara kwana biyu a jirgin ƙasa, sai ga ta tana isa Kano daga Landan cikin kimanin mako guda. Na ɗan lokaci al'amari ya juye, har wasiƙar Legas ce ke sauka Kano ta jira jirgin ƙasa, sai a Oktoban 1936 aka miƙa layin zuwa Legas. A 1937 kamfanin Elders Colonial Airways ya kai shi Akara.

Da farko ma ba a yarda layin ya ɗauki fasinja ba. Hukumomin lafiya na gabas suna tsoron kada jirgi ya kwaso cutar shawara daga Afirka ta Yamma, a jinin mutum ko a jikin sauro, ya kai ta Masar da Indiya. Sai da aka tsara filayen sauka bisa ƙa'idar kariya daga sauro aka bar mutane su hau. Babu misalin da ya fi wannan nuna wanda aka gina layin dominsa.

Ƙololuwar wannan manufa ta fifita wasiƙa ita ce tsarin da aka sanar a Disambar 1934, aka fara aiki da shi a Yunin 1937: duk wasiƙa zuwa ƙasashen da ke kan manyan layukan daular za ta tafi ta sama ba tare da ƙarin kuɗi ba, da kan sarki na kwabo ɗaya da rabi (ahu, a lissafin iyayenmu) ga kowace rabin oza. Don ɗaukar wannan kaya kamfanin ya yi odar jirage 28 masu sauka a kan ruwa daga kamfanin Short, tun ba a ƙera ko ɗaya an gwada ba. A ganina nan ne aka yi kuskuren lissafi. Arha ta jawo tulin wasiƙu fiye da yadda aka zata, jakunkuna suka cinye gurbin fasinja mai biyan kuɗi da tsoka, a lokacin Kirsimetin 1938 har sai da aka nemo jirage daga wasu wurare don kwashe abin da ya taru. A shekarar ne kuma rahoton kwamitin Cadman ya soki yadda ake gudanar da kamfanin, ya zarge shi da yin watsi da Turai. Yaƙi ya dakatar da tsarin a Satumban 1939, aka haɗe Imperial Airways da kamfanin British Airways na wancan lokaci suka zama BOAC, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 1940.

Reshen Kano, wanda ake ganin ƙarami ne, ya fi uwar kamfanin tsawon rai. Da Italiya ta shiga yaƙi aka toshe hanyar Bahar Rum, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy zuwa Hartum da Alƙahira. Daga 1940 zuwa 1943 jirage sama da dubu biyar sun bi wannan hanya, suna sauka a filayen da aka share domin jakar wasiƙu.