Soke kuɗi: Labarin takardar dala tiriliyan 100 ta Zimbabwe

Soke kuɗi mataki ne da hukuma ke ɗauka na janye wa takardar kuɗi ko sulalla matsayinta na halattaccen abin ciniki. Da zarar wa'adin da aka ɗiba ya cika, doka ba ta tilasta wa kowa karɓarta.

Gwamnatoci dai kan yi haka ne domin yaƙi da jabun kuɗi, ko tono dukiyar da aka ɓoye, ko kuma sauya kuɗin da hauhawar farashi ta karya. Sai dai kuɗin da ya daina aiki a kasuwa kan samu wata daraja a hannun masu tara kayan tarihi, kamar yadda ya faru a Zimbabwe.

Yadda dalar ta durƙushe

Tattalin arzikin Zimbabwe ya shiga mawuyacin hali bayan da gwamnatin Shugaba Robert Mugabe ta soma ƙwace gonakin Turawa a shekarar 2000. Noma ya ja baya, babban bankin ƙasar kuma, ƙarƙashin Gideon Gono, ya dinga buga kuɗi domin biyan buƙatun gwamnati.

A watan Yulin 2008 alƙaluman hukuma sun nuna cewa hauhawar farashi ta kai kashi miliyan 231 cikin ɗari. Sau uku bankin yana zaftare sifili daga jikin kuɗin: uku a 2006, goma a 2008, sannan goma sha biyu a 2009.

A watan Janairun 2009 ne aka fitar da takardar dala tiriliyan 100, mai ɗauke da sifili 14. Ba ta daɗe a hannun jama'a ba, domin a watan Afrilun shekarar aka jingine dalar baki ɗaya, aka koma ga dalar Amurka da rand na Afirka ta Kudu.

Wa'adin 2015

Sai a shekarar 2015 aka soke tsohuwar dalar a hukumance, inda aka ba jama'a daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba su canza abin da ya rage musu.

Duk mai asusun banki da ajiyarsa ba ta wuce dala tiriliyan 175,000 ba, an biya shi dalar Amurka biyar kacal. Takardar tiriliyan 100 kuwa, santi 40 bankin ya saye ta. Kafin wannan lokaci dai hauhawar farashi ta riga ta cinye ajiyar ma'aikata da kuɗin fanshon tsofaffi da dama.

Daraja ta biyu

Mutane da yawa ba su kai takardun nasu banki ba, saboda 'yan yawon buɗe ido a garin Victoria Falls da masu saye a shafin intanet na eBay na biyan kuɗin da ya ninka na bankin sau da yawa. A lokacin, takarda guda mai tsafta kan kai gomman dalolin Amurka.

Abubuwa uku ne kan tsayar da farashin tsohon kuɗi: ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da kuma tarihin da yake ɗauke da shi. Takardar da ba a taɓa naɗewa ba ta fi wadda ta sha hannu tsada nesa ba kusa ba. Ita ta Zimbabwe, yawan sifilinta da labarin rugujewar tattalin arzikin da take wakilta ne suka sa ake nemanta, har ta kai ga ana buga jabunta ana yaudarar masu saye.

Ba kowane tsohon kuɗi ne ke samun wannan tagomashi ba. Akasarin takardun da aka buga da yawa, suka kuma tsufa a hannun jama'a, ba sa yin wata tsada.

Zimbabwe ta sake fito da dalarta a 2019, ita ma ta faɗi, sannan a watan Afrilun 2024 ta maye gurbinta da sabon kuɗi mai suna ZiG.