2.3 Tarihin Takalmin Katako a Ƙasar Suwidin da Yadda Ake Yin Sa

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin bin diddigin takalmin katako na ƙasar Suwidin, wanda mutanen ƙasar ke kira träsko, ma'ana takalmin itace. Ga Bahaushe, abin da ya fi kusa da shi shi ne dangarafai, sai dai na Suwidin yana rufe yatsu da bayan ƙafa.

Idan aka dubi asalinsa, za a ga cewa talauci da yanayin ƙasa su ne suka haife shi. A ƙarni na 19 mafi yawan mutanen Suwidin manoma ne, kuma fata tana da tsada ƙwarai, ta yadda takalmin fata zalla na zuwa coci ne da ranakun biki. Itace kuwa ga shi nan jibge a daji. Wannan ya sa sana'ar ta fi kafuwa a kudancin ƙasar, musamman yankunan Småland da Skåne. Småland ƙasa ce mai duwatsu da wuyar noma, kuma tana cikin yankunan da mutane suka fi yin ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan yunwar 1867 zuwa 1869. Manomin da ya zauna gida yakan yi sassaƙa a lokacin hunturu, sa'ad da ƙanƙara ta hana aikin gona.

Takalmin iri biyu ne. Akwai wanda ake fafe shi daga gungume ɗaya, irin na mutanen Holan, akwai kuma mai tafin katako da saman fata, wanda diddigensa ke buɗe. Na biyun ne ya wanzu, kuma shi duniya ta sani da sunan Suwidin.

Dangane da yadda ake yin sa kuwa, aikin ya haɗa sana'o'i biyu, wato sassaƙa da dukanci. An fi amfani da itacen da suke kira al, wanda ke fitowa a bakin ruwa, saboda ba shi da nauyi, yana da daɗin sassaƙa, kuma yana jure laima. Bayan an sare itacen, sai a datsa shi gunduwa-gunduwa a bar shi ya bushe sosai, domin ɗanyen itace yakan tsage ko ya karkace bayan an gama aiki. Daga nan masassaƙi zai fitar da siffar tafin, ya ƙwarƙware samansa daidai da lanƙwasar ƙafa, ya ɗan ɗaga gaban. Wannan ɗagawa tana da muhimmanci, don kuwa katako ba ya lanƙwasuwa, saboda haka dole takalmin ya riƙa mirginawa gaba yayin tafiya. Sai a yi wani ɗan gurbi a kewayen gefen tafin. Ita kuwa fatar, jiƙa ta ake yi, a ja ta bisa wani samfurin ƙafa, a kafe bakinta cikin gurbin nan da ƙananan ƙusoshi, a bar ta ta bushe a haka har ta riƙe siffa.

A farkon ƙarni na 20 aikin ya fara komawa masana'antu. Misali, kamfanin Troentorp da ke kusa da garin Båstad ya fara aiki a 1907. Injuna sun karɓi sassaƙar tafin, an kuma ƙara roba a ƙasa don rage santsi da ƙara. A ganin mai wannan nazari, darajar takalmin ta sauya fiye da yadda aikinsa ya sauya. A shekarun 1970 ya zama abin yayi ga samari da 'yan mata a Turai da Amurka, har mawaƙan ABBA suna sa shi. Ma'aikatan asibiti da masu dafa abinci su ma sun riƙe shi saboda doguwar tsayuwa, kuma har yau akwai masana'antun da ke jan jiƙaƙƙiyar fatar da hannu.