Tarihin Neman Kaya da Rabon Nauyi a Tsarin Kwamfutoci Marar Shugaba

Matsaloli biyu ne suka daɗe suna ci wa masana tuwo a ƙwarya dangane da tsarin nan da ake kira tsara-da-tsara, wato inda kwamfutoci ke musayar kaya kai tsaye, kowace tana bayarwa tana kuma karɓa. Ta farko, yaya mai nema zai gane wadda ke riƙe da abin da yake so? Ta biyu kuwa, yaya za a raba aiki don kada nauyi ya danne wasu alhali wasu na zaune?

A shekarar 1999 Shawn Fanning ya fito da Napster a Amurka. Waƙoƙi suna hannun jama'a, amma jerin sunayensu yana cibiya guda, saboda haka nema ya zo da sauƙi. Sai dai wannan cibiyar ita ce lagon tsarin, domin da kotu ta matsa wa kamfanin lamba a 2001, ana rufe ta komai ya tsaya cik.

Gnutella, wadda ta bayyana a 2000, ta kawar da cibiya ɗungurungum. Mai nema yakan tambayi maƙwabtansa, su ma su tambayi nasu, har zuwa mataki bakwai. Da jama'a suka yawaita sai tambayoyi suka toshe hanya, kwamfutoci masu raunin layi suka kasa. Bugu da ƙari, binciken Adar da Huberman na shekarar ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na masu amfani da ita ba su ba da komai.

Mafita ta ɓullo daga jami'o'i a 2001, musamman tsarin Chord na jami'ar MIT. Akan ba kowace kwamfuta da kowane kaya lamba, a jera su bisa da'ira, sannan a damƙa bayanin kaya ga kwamfutar da lambarta ke biye da tasa. Kowane mataki na nema yakan rage aƙalla rabin tazarar da ta saura, ta yadda mataki wajen 20 ya isa cikin kwamfutoci miliyan guda. Wadda ta fi ƙarfi kuwa ana iya ba ta gurabe da dama a da'irar, ta ɗauki kaya daidai ƙarfinta.

Ita kuma BitTorrent ta Bram Cohen, ta 2001, gutsuttsura kaya take yi, tana fifita mai bayarwa a kan mai rowa. A 2005 ta rungumi hanyar nema irin ta Kademlia, 'yar'uwar Chord.

Abin lura a nan shi ne, kawar da shugaba bai kawar da aikinsa ba. Tsarin da ya ɗore shi ne wanda ya karkasa wannan aikin bisa ƙa'ida, kowa ya san rabonsa.