Auduga, Feshi da Ciwon da ke Zuwa a Makare

A 1775 wani likitan fiɗa a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi, waɗanda aka sa su aikin tun suna ƙanana, suna yawan kamuwa da ciwon daji a fatar maraina bayan sun girma. Ya ɗora laifin a kan kunkunniyar da ke maƙale musu a jiki. Sai da aka shekara 100 cif, a 1875, Ingila ta yi dokar da ta hana tura yara cikin bututun da gaske.

Ina kawo wannan ne saboda namu tarihin. Kamfanin Faransa CFDT ne ya yaɗa noman auduga na sayarwa a arewacin Kamaru tun farkon shekarun 1950. A 1974 SODECOTON, mai hedikwata a Garwa, ya gaje shi. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya ta 139 kan ciwon dajin da sana'a ke jawowa. Da auduga feshi ya shigo gonakinmu, daga Binuwai har Bogo.

A 1991 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta sanya sana'ar feshin maganin ƙwari cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. A 2015 ta faɗi haka kan glifosat, maganin kashe ciyawa, ko da yake wasu hukumomin Turai da Amurka ba su yarda da ita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake kira ma'aikaci. Mai albashi yana da rajista a CNPS, yana da inda zai kai kuka. Manomin da ya goya tankin feshi ba safar hannu, ba takunkumi, iska na maido masa da maganin a fuska, shi ba ya cikin lissafi. A shirina na rediyo masu kira kan yi ƙorafin jiri da ƙaiƙayin fata ranar feshi, don shi ake ji nan take. Ciwon daji kuwa yakan jira shekara goma ko ashirin. Kafin ya bayyana an manta da gonar, sai a ce sammu ne, a wuce asibitin Marwa a nufi gidan mai magani. Jarkar maganin kuma an ɗauraye ta, tana tsakar gida ana zuba ruwa.