Daga Shagon Bakin Ruwa Zuwa Shagon da Ba Ya Ɗaga Waya

A garin Chatham, gabas da Landan, akwai wani gini mai tsawon kusan kwatan mil. Igiya ake tufkawa a cikinsa, kuma tsawon igiyar jirgin yaƙi ne ya sa aka miƙe shi haka. Tun 1618 aka fara tufkar igiya a wannan wuri domin sojan ruwan Ingila. Jirgi ɗaya irin Victory, wanda Nelson ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, yana cin igiya fiye da mil 20. A lokacin, a cikin kowace igiyar gwamnati akan cusa silin zare mai launi, kowace ma'aikata da launinta. Idan an sace igiya an kai kasuwa, zaren zai tona asiri. Idan kuma ta tsinke a tsakiyar teku, ana warware ta za a san inda aka tufka ta, a san wanda za a kira ya yi bayani. Ni wannan amfani na biyu ne ya fi tsaya mini a rai, domin tarihin sana'ar sayar da kayan jirgi kusan duka a kansa yake tafiya: in kaya sun ba da kunya, wa za a riƙe?

A wancan zamani jiragen fatake ba su da ma'aikatar gwamnati. Su shagon bakin ruwa suke dogara da shi. A Wapping da ke gaɓar kogin Thames, a Liverpool, a New Bedford ta Amurka inda masu farautar manyan dabbobin teku ke tashi, kowace tasha tana da irin wannan shago. Igiya, kwalta, tamfol ɗin da iska ke tura jirgi da shi, anga, sarƙa, fitila, kyandir, ƙusa, naman da aka adana da gishiri, busasshen biskit, duk a rufi ɗaya. Sau da yawa mai shagon tsohon ɗan jirgi ne da ƙarfi ya ƙare masa. Yakan ba da kaya bashi, a rubuta a littafi, jirgi ya tafi shekara ɗaya ko biyu, ya dawo a biya. Wanda ya ba ka bashi irin wannan yana son jirginka ya dawo ko da kuwa ba ya ƙaunarka. Kuma in ya cuce ka, ba ya da wurin gudu: shagonsa yana nan, matuƙa suna hira da juna, kafin mako labari ya zaga tasha.

Ba waliyyai ba ne. Ran 15 ga Yuni 1904 jirgin General Slocum ya kwashi 'yan wata majami'ar Jamusawa a New York, yawancinsu mata da yara, za su yawon shan iska. Wuta ta tashi. Aka jawo mesar kashe gobara, ta fashe don ta ruɓe. Rigunan kariya, waɗanda aka cika da ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi, sun shekara goma sha suna rataye har cikinsu ya zama gari. Iyaye mata suka ɗaura wa 'ya'yansu, suka jefa su ruwa, suna kallo suka nutse. Fiye da mutum 1,000 suka mutu. A binciken da ya biyo baya aka gano har akwai kamfanin da ke cusa guntayen ƙarfe a cikin ɓawon domin riga ta kai nauyin da doka ta yanka. An yanke wa matuƙin jirgin ɗaurin shekara 10. Ha'inci ya daɗe a wannan sana'a, sai dai a lokacin akwai ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa.

Sayayya daga nesa ta shigo ta gidan waya. A 1872 Aaron Montgomery Ward ya fitar da takarda ɗaya a Chicago mai jerin kaya 163, yana aika wa manoman karkara. Ya san manomi ba zai aika kuɗinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba haka kawai, don haka ya yi alkawarin da ya zama ginshiƙin wannan ciniki: in kaya ba su yi maka ba, dawo da su ka karɓi kuɗinka. A 1912 L. L. Bean na jihar Maine ya sayar da takalman farauta 100 na farko, aka dawo masa da 90 saboda ɗinki ya ɓalle. Ya biya kowa, ya ci bashi, ya gyara. Mutanen nan sun gane cewa tunda mai saye ba ya ganin fuskarsu, dole su ba shi wani abu a madadinta.

Kayan jirgi sun bi wannan hanya ne bayan jirgi ya zama abin da ma'aikaci ke iya mallaka. Ole Evinrude ya fara sayar da injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale a Milwaukee wajen 1909. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka soma ƙera jirage da faiba, farashi ya sauko. Yamaha ta fitar da nata injin na farko a 1960. A 1968 wani matashi mai suna Randy Repass, wanda bai ji daɗin yadda shagunan kayan jirgi ke karɓar mutane ba, ya fara aika igiyar nailan ta gidan waya daga garejinsa a Sunnyvale ta jihar Kalifoniya. Ya buɗe shago na farko a Palo Alto a 1975. Wannan ne ya zama West Marine, wanda kundin kayansa ya yi kauri kamar ƙamus, da shafuffuka na shawara a tsakanin jerin kaya: wace anga ta dace da ƙasa mai laka, wane kaurin igiya ya dace da wane jirgi. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1993, ya haɗe E&B Marine a 1996, ya sayi shagunan BoatU.S. a 2003, sannan a 2017 masu zuba jari na Monomoy suka saye shi kan dala miliyan 338. A wancan gefen kuma, tsohon shagon Arthur Beale na titin Shaftesbury a Landan, wanda ya taɓa sayar wa mai binciken yankin ƙanƙara Shackleton igiya, ya rufe ƙofarsa a 2021 ya koma ciniki ta intanet. Sana'ar da ta fara a hannun tsohon matuƙi ta koma hannun manyan masu jari da kuma shafuka.

Intanet ta yawaita wani nau'in ɗan kasuwa: wanda ba shi da ko ƙusa ɗaya a ajiye. Ya kwafi jerin kayan babban dila, ya ɗora hotuna, ya rubuta akwai. Ka biya, shi kuma ya tura odarka ga dila. In dila ba shi da kayan, sai shiru. A sayen riga ko takalmi wannan ɓacin rai ne kawai. Kayan jirgi ba haka suke ba. Inji biyu masu suna ɗaya da ƙarfi ɗaya suna iya bambanta a ciki saboda shekarar ƙira, sai an duba lambar da ke jikin inji. Akwai mai gajeriyar ƙafa, akwai mai doguwa. Farfela tana da faɗinta, da karkatar fukafukanta, da yawan haƙoran da ke kama sanda. Ƙarfen da ba ya tsatsa ma iri-iri ne, wanda ya jure ruwan kogi ba lallai ya jure ruwan gishiri ba. Duk wannan sani ne da ke kan tsohon mai shago, kuma shi ne abin da bai hau shafin ba.

Na ga haka da idona a Yawuri. Kawuna yana da jirgin katako da yake kai mutane da buhuna kasuwannin gaɓar Kainji, da injin Yamaha mai doki 40. A cikin ƙafar injin akwai wata 'yar fankar roba, ba ta kai tafin hannu ba, ita ke zuƙo ruwa ta sanyaya inji. In tana aiki za ka ga siririn ruwa yana tsartuwa a gefe. Wata safiya ruwan ya ɗauke. Bakanike ya kwance ƙafar, ya zaro fankar: fukafukai biyu sun guntule, sauran sun lanƙwashe sun bushe. Ya ce na kasuwa jabu ne, ba sa wata uku. Da yake ni ne mai waya da katin banki, na ce zan nemo ta asali daga wani shagon ƙasar waje da ke da hotuna masu kyau da alkawarin turowa ko'ina.

An cire kuɗi nan take. Saƙon godiya ya shigo. Daga nan sai jira. Lambar wayarsu tana ringi, murya ta ce in saurara, kiɗa ya biyo baya har katina ya ƙare. Imel kuma amsa ɗaya yake dawowa da ita, da lambar ƙorafi sabuwa kowane karo. Da ƙunshin ya iso, bakanike ya ɗora sabuwar fanka a kan tsohuwar a tafin hannunsa: ramin tsakiya ya fi faɗi, gurbin makulli ba a wurinsa yake ba. Lambar injin kuwa na rubuta musu ita tun farko. Suka ce in mayar musu da ita da kuɗin aljihuna, kuma kuɗin aikawa ya fi kuɗin fankar. Kasuwa nawa ta ci jirgi yana ɗaure, yaran jirgi suna zaune.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya juya fankar a hannunsa, ya ce, "Ɗana, shi wannan mutumin, ɗan gidan wa ne?"

Na ce, "Kawu, kamfani ne, ba mutum ɗaya ba."

Ya ce, "To in na je, wa zan gaisar?"

Ba ni da amsa, kuma har yau ina ganin tambayarsa ta fi duk sharuɗɗan da ke ƙasan shafin nan nauyi.

Ba wai babu doka ba. Tun 1975 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta wajabta wa mai sayarwa ta gidan waya ya tura kaya a lokacin da ya faɗa, in bai faɗa ba cikin kwana 30, ko ya sanar da mai saye ya ba shi damar karɓar kuɗinsa. A 2014 aka fayyace cewa dokar ta haɗa da intanet. A Ingila da Tarayyar Turai mai saye daga nesa yana da kwana 14 na fasa ciniki. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan babi. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san Malikawa sun halatta sayen abin da ba ya gabanka bisa siffantawa, har da sayen dilar kaya ba a kwance ba bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, da sharaɗin kaya su zo daidai da siffa, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da ya fito da aibi. Malamanmu sun warware wannan tun ƙarnuka. Amma dokar Amurka ba ta san hanyar Yawuri ba, kuma ba alƙalin da zai iya aika sammaci ga shafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu rigunan kariya ne. Bayan jirgin da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, da na Patigi a Yunin 2023 inda fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta matsa a kan kowa ya sa riga. Daidai ne. Sai dai masu jirgi da yawa a waya suke yin oda, daga hoto, wurin wanda ba zai iya gaya maka nauyin mutumin da rigar za ta ɗauka ba, kuma ba zai ɗaga waya ba bayan an biya. Wasu rigunan da na taɓa, soso ne siriri a cikin yadi mai ruwan lemo, igiyar ɗaurinsu tana ɓallewa da ja ɗaya.

Kawu yanzu ba ya sayen riga sai an kawo guda ɗaya tukuna. Yakan sa babban yaron jirginsa ya ɗaura ta ya faɗa ruwa a bakin tasha, a gaban mutane. Safaya kuma tsohuwar yake naɗewa a leda ya ba direban da ke zuwa Legas, a kai wa wani mai shago da suka shekara da shekaru suna hulɗa, ya gwada da hannunsa kafin ya ba da sabuwa. Ta fi tsada, kuma sai an jira mota ta juyo.