Baƙuwar da Take Sallama: Zuwan Wayar Salula da Rajistar Layi

A tsarin garuruwan ƙasar Hausa na da, baƙo ba ya sauka a unguwa sai mai masaukinsa ya sanar da mai unguwa ko wane ne shi da inda ya fito. Wayar salula ma haka take yi a duk lokacin da aka kunna ta, sai dai mai ita ba ya gani.

Da zarar an kunna waya, sai ta saurari turakun sadarwa da ke kusa, ta zaɓi wanda siginarsa ta fi ƙarfi daga cikin na kamfaninta. Daga nan sai ta miƙa lambar da ke ɓoye cikin katin sim, wadda ba ita ce lambar da ake kira ba. Wannan lamba ba ta wuce alƙaluma 15, kuma ta kowane layin Nijeriya tana farawa ne da 621. Kamfani zai duba kundinsa, sannan ya aiko wa katin wani lissafi wanda ba a warware shi sai da mabuɗin sirri da su biyu kaɗai suka sani. In amsa ta yi daidai, sai a karɓi wayar, a ba ta lambar wucin gadi, a rubuta yankin da take. Matafiyi daga Kano zuwa Katsina wayarsa tana sabunta wannan sallama a hanya, shi ya sa kira yake iske shi.

Kafin 2001, layukan NITEL da ke aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma mallakar tarho alama ce ta babban gida. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowane, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, Glo ta biyo baya a 2003 da lissafin kira ta daƙiƙa. A shekarun farko ana sayen layi a bakin titi ba tare da an tambayi sunan kowa ba. Wato na'ura ta san katin, amma hukuma ba ta san mai shi ba.

Wannan giɓi ne aka fara toshewa a 2011 da rajistar layi, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsa. A 2015 aka ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda rashin rufe layuka fiye da miliyan 5 marasa rajista, daga baya aka rage ta zuwa biliyan 330. A Disamba 2020 kuma aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN.

A ganinmu, abin da ya fi nuna nauyin wannan al'amari shi ne ranar da turaku suka yi shiru. A 2013 an katse sabis a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci, haka kuma a Zamfara a watan Satumba na 2021 domin yaƙi da 'yan bindiga. Wayoyi suna nan da caji, suna ta neman turken da zai amsa, mutane kuwa suka koma aika saƙo ta hannun direbobin mota.